Taɓarya Uku a Turmi Ɗaya

Uzairu mutum ne mai son tsari har abin ya yi yawa. Ranar da ya dawo Azare daga jami'a, a daminar 2006, ko ruwa bai sha ba sai da ya manna kwali a bangon ɗakinsa, ya raba mako takwas gida-gida da rula. Aikinsa na kammala digiri fim ne na zane mai motsi, na minti biyu, wanda ake haɗawa a kwamfuta: mata uku suna lugude a turmi ɗaya. Malaminsa Dakta Bunu ya faɗa ƙarara, wanda bai kai faifai Bauchi ranar ashirin ga Satumba ba, sai baɗi.

A shagon Priskila yake aikin, wata 'yar Bogoro mai buga takardu kusa da tasha, wadda ta bar masa tsohuwar kwamfuta a lungu. Janaretanta awa shida yake yi a rana. Uzairu ya auna ya gano cewa in an gama zane, kwamfutar sai ta ci rabin awa kafin ta fitar da daƙiƙa ɗaya ta fim. Don haka ya ware mata kwana goma na ƙarshe cif, ya zagaye su da jan biro.

Ana gobe zai fara fitarwar, mahaifiyarsa Hajiya Husaina ta biyo daga dubiya ta leƙo shagon. Uzairu ya ja mata kujera, yana ta taƙama, ya kunna mata gwajin da ba launi. Ta zuba ido, sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ɗan nan, waɗannan matan faɗa suke yi?"

"Lugude ne fa, Inna."

"Wane lugude? Taɓarya uku su sauka tare? Ai da sun fasa wa juna goshi. Ɗaya na shiga ɗaya na fita, ta ukun tana sama. Kuma wa ya ce maka daga kafaɗa ake daka? Daga ƙugu ne."

Priskila ta matso ta duba. "Gaskiyar Hajiya ce, Malam Uzairu. Ko a garinmu haka ake yi."

Kunya ta rufe shi. Shekara ashirin da huɗu yana jin lugude daga zaure, kunnensa ya haddace, amma ko sau ɗaya bai taɓa tsayawa ya duba ba. Namiji ne, da an fara daka yake ficewa.

Zai iya kai fim ɗin a haka. Wataƙila Dakta Bunu ma daga zaure ya san daka. Amma Uzairu ya riga ya gani, kuma abin ya tsaya masa a rai. Ya koma gaban kwalinsa ya yi lissafi. Gyara zai ci kwana uku, saura bakwai, kuma a kwana bakwai daƙiƙa tamanin da huɗu kawai kwamfutar za ta fitar. Dole talatin da shida su tafi. Abin takaici, buɗewar fim ɗin ce ta kai haka, wato kogin Katagum da kwalekwale, wanda ya kashe wa mako uku, ya fi son shi a kan komai. Ya daɗe yana kallon kwalin, sannan ya ja layi a kan kogin.

Washegari ya ɗauki kujera 'yar tsugunno ya zauna a tsakar gida da agogo da littafi. Inna ta kira maƙwabta biyu aka zuba gero. Sun sha dariya kam, har wata ta ce a kawo masa zani ya ɗaura. Shi dai ya buɗe littafinsa. Ya ƙirga tazarar kowace taɓarya, ya zana yadda gwiwa ke lanƙwasa, da yadda ake cilla taɓarya sama a tafa kafin ta dawo. Daga ƙarshe ya karɓa ya gwada da kansa, ya kusa tsaga bakin turmin.

Kwana bakwai ɗin nan bai je ko'ina ba. Abokansa suka zo jansa ɗaurin aure a garin Yana, ya ba su haƙuri, suka tafi da fushi. Ranar sha tara da la'asar hoton ƙarshe ya fito, Priskila ta juye masa a faifai.

A ofis, Dakta Bunu ya duba tsawon fim ɗin ya ɗaure fuska.

"Minti biyu na ce. Ina sauran?"

"Na yanke, Malam. Lokaci bai ishe ni in yi duka daidai ba."

Dakta ya kunna fim ɗin. Uzairu ya tsaya a gefe yana kallo. Taɓarya ta farko ta sauka, ta biyu ta bi ta, ta uku ta tashi sama aka tafa. Can sai ya ga yatsun Dakta sun fara bin luguden a kan tebur, shi Daktan bai ma sani ba. Da fim ɗin ya ƙare ya cire tabarau ya murza ido.

"Haka gyatumata take yi, Allah ya jiƙanta," ya ce a hankali. Ya jawo takardar karɓa ya sa hannu. "Sake kunna min."