Wanda Ya Kwance Notin

"Wa ya kwance wannan notin?" in ji injiniyan kamfanin garanti, yana haska tocila a ƙarƙashin motar da aka ɗaga sama.

Auta ya ɗaga kai ya duba. Kowane noti na akwatin giyar an ɗiga masa fenti ruwan ɗorawa, sai wannan guda da fentinsa ya tsage. Ya sani sarai wanda ya kwance shi.

Motar ta hannu ce, ja, mai ƙofa biyu, irin wadda in ta yi gurnani a danja sai kowa ya waiwayo. Shekara da shekaru Auta yana matse bakin aljihu a ofishinsu na sayar da magani don ita. Ranar saye dillali ya gaya masa gaskiya ɗaya: irin motar nan gudu gare ta, amma in giyarta ta tashi tsiya sai mutum ya sayar da fili. Shi ya sa ya ƙara kuɗi ya sayi garanti mafi tsawo, mai ɗauke da inji da giya. Sharaɗin ɗaya ne, kada wani bakanike ya taɓa ta sai nasu.

To, amma a gidansu ko keke ka saya sai ka kai wa Yaya ya saurara. Yaya bakanike ne, kuma da sifanarsa ya biya wa Auta makaranta bayan rasuwar mahaifinsu. Ina Auta zai sa kansa in aka ji ya sayi mota bai kai ta garejin ba? Ya kai, ya miƙa makulli da hannu biyu.

"Yaya, don Allah saurare kawai. Tana da garanti, ba a taɓa komai."

"To, to, na ji. Jeka wurin aikinka."

Da yamma Yaya ya tare shi yana goge hannu da tsumma, fuska fal fara'a. "Na canja mata man giya. Wanda suka zuba maka ruwa ne, yaro." Auta ya haɗiye maganar da ta taso masa, ya ce an gode.

Yau da safe, a tsakiyar gada, giyar ta cije. Ba gaba, ba baya. Masu bas suka dinga danna masa oda, wani ɗan acaɓa har da leƙowa yana cewa, "Oga, duk wannan ƙarar ashe ta banza ce?" Sai da janwe ta jawo ta nan.

"Man ne ya ɓata ta?" Auta ya tambayi injiniyan.

"Ko kusa. Man ma mai kyau ne, wanda ya yi aikin ya iya. Na'urar cikin giyar ce ta mutu, ciwon irin motar nan ke nan."

"To ai shi ke nan! Ku gyara mana."

"Wannan kuma ba ni ba ne. Hau sama wurin manaja."

Manajar mace ce mai tabarau, tana magana a hankali, abin da ya ƙara tunzura shi. Ya yi bayani, ya sake yi. Mutuminku da bakinsa ya ce ba man ba ne! Me ya haɗa noti da na'ura? Haba! Ita dai amsarta ɗaya, fenti ya tsage, garanti ya faɗi.

Da ta ga yana neman fashewa, ta cire tabarau. "Malam, akwai hanya. Kai ka ce a buɗe?"

"Ni? Cewa na yi kada a taɓa!"

"Madalla. Sai ka shaida mana haka, ka faɗi garejin. Mu sa maka sabuwar giya kyauta, lauyanmu kuma ya bi bakaniken ya biya mu. Ba ruwanka."

Abin da ya fi ƙona wa Auta rai shi ne ko ƙarya ba sai ya yi ba, gaskiya tsagwaronta ake nema a bakinsa. Ya kuma san garejin Yaya, rumfar kwano ce da rami ɗaya da tsohon jak. Ko duka aka sayar ba zai kawo rabin giyar nan ba. Haushi ya turnuƙe shi, na Yaya, na kamfanin, na kansa da ya miƙa makullin.

"Wane gareji ne?" ta tambaye shi.

"Ni na kwance shi," ya ce. "Da hannuna."

Ta dubi hannayensa masu laushi, ta dube shi. Ta mayar da tabaranta. "To, Allah ya sa a dace."

Rana ta take lokacin da janwe ta sauke motar a bakin garejin. Yaya ya fito daga rami, ya zagaya ta yana girgiza kai.

"Sun ƙi gyarawa, ko?"

"Sun ƙi."

"Kai, 'yan garantin nan! Ka kwashi kuɗi ka ba ɓarayi, ga ɗan'uwanka a zaune. Me suka ce dalili?"

Auta ya dubi furfurar da ta cika gemun Yaya, da baƙin man da ya zauna a farcensa.

"Ba su ce komai ba, Yaya."

"Ai na sani. Kawo makullin."

Ya miƙa masa.