Gwajin Idon Milka

Shekara goma sha tara Milka ta yi tana tantance citta a wani kamfani da ke bayan layin dogo a Kafanchan. Ita ce shugabar matan da ke zama a rumfa suna ware busasshiyar citta, mai kyau gefe, ruɓaɓɓiya gefe. Ko a shekarar da cuta ta cinye gonaki aka sallami rabin ma'aikata, ba wanda ya taɓa kujerarta.

Wata Talata aka tara su a sito, wai baƙuwa ta zo daga Kaduna. Madam Patricia sunanta, wakiliyar mutanen da suka sayi rabin kamfanin. Ta haska majigi a bango, ta nuna wasu layuka masu hawa sama. Ta ce bisa hasashensu, nan da shekara goma aikin sarrafa citta zai ninka, za a kawo injin wanki da na yanka.

"Aiki zai yi yawa," in ji ta. "Amma aikin gobe na mai saurin hannu ne da kaifin ido. Waɗanda suka haura hamsin da biyar, za mu duba inda za su dace."

Matasa suka tafa. Milka ma ta tafa, don kada a lura da ita. Shekarunta hamsin da tara. Kafin a watse aka sanar cewa ranar Juma'a nas za ta zo ta gwada idon kowa.

Fiye da shekara ke nan idonta na hagu yana gani kamar ta cikin leda, na daman ma ya fara. Ba ta faɗa wa kowa ba, ko a zumuntar mata ta coci ba ta roƙi addu'a a kai ba. Da yatsu take aiki, da hanci.

Da ta koma gida ta tarar da mijinta Boaz inda ta bar shi, gindin mangwaro, rediyo a cinya ba a kunna ba. Shi ne fa wanda a da yake ba jirgin ƙasa hannu a tasha, ana jin muryarsa har cikin kasuwa. Tun da ya bar aiki yake raguwa kaɗan-kaɗan, yanzu sai ya tambaye ta wace rana ce sau uku kafin azahar. Ta daɗe tsaye tana kallonsa. Tuwon da ta tuƙa ranar ba ta iya ci ba.

Ranar Alhamis ta je shagon masu tabarau a kasuwa, ta matsa dab da allon haruffan da ke bango kamar mai jiran wani, ta haddace su layi-layi. Hanya duka tana maimaitawa a kan acaɓa.

Juma'a ta zo. Da aka kira sunanta ta shiga, ta zauna, sai ta ga allon nas ɗin ba irin na kasuwa ba ne. Harafi ɗaya ne a ko'ina, wani ya kalli sama, wani ƙasa.

"Mama, rufe na dama. Wannan ina ya kalla?"

Milka ba ta ga komai ba sai fari.

"Sama," ta ce.

"Wannan fa?"

"Sama."

Nas ta ajiye sandar da take nuna haruffan da ita, ta haska mata tocila a ido. "Yanar ido ce, Mama. Tun yaushe?"

"'Yata, don Allah kar ki rubuta," Milka ta ce. "In na zauna a gida na mutu."

"Dole in rubuta. Amma ana cire yana, ba makanta ba ce."

Da la'asar Madam Patricia ta kira ta ofis. Malam Zubair, dattijon da ke kula da sito, ya biyo ta ba tare da an gayyace shi ba, ɗauke da kwano cike da citta. Ya ajiye a kan tebur.

"Madam, kafin ki yanke magana, ki bar Mama ta taɓa wannan."

Milka ta tsoma hannu cikin kwanon. Ta ware guda tara, ta ce ruɓaɓɓu ne. Madam ta ce ai lafiyarsu ƙalau. Malam Zubair ya karya ɗaya, cikinta baƙi ƙirin. Ya karya ta biyu, haka.

Madam ta dubi Milka. "Ba zan yi miki ƙarya ba, Mama. Kujerar shugaba wata za a ba. Ki je a yi miki aikin ido. In kin dawo, wata shida za ki koya wa sababbi. Bayan nan ban yi alkawari ba."

Aka yi aikin bayan Ista. Tana kwance a gadon tiyata tana ta kiran sunan Yesu a zuci, ta tabbata ba za ta sake ganin rana ba. Washegari aka cire bandeji, ta ga fuskar likita tar, har da furfurar gemunsa.

Ta koma kamfani a watan Yuni. An rushe rabin rumfar, an zuba kankare inda inji zai zauna. Aka ba ta takardar wata shida da 'yan mata takwas. Tana cikin nuna musu yadda ake latsa gindin citta, sai Larai, wadda suka fi shekara goma suna zama kafaɗa da kafaɗa, ta ja ta gefe.

"Yaya Milka, an ce wata mai zuwa kunne za su gwada," ta raɗa mata. "Ni kuwa na hagu ya daɗe da tafiya."

Milka ta kama hannunta, ta ji shi sanyi ƙalau. Sai ta juya ta koma ɓangaren kunnen Larai na dama, ta ce gobe da safe za ta raka ta asibiti.