Gicciyen Matan Zumunta

Gershon ya tura duron ɗinsa, ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto, sama, idonsa a kan ɗan allon da ke hannunsa, zufa na bin bayan wuyansa. Matan zumunta na Kwoi sun cika filin makaranta da zane iri ɗaya, suna buga tulu suna rausaya. A ƙarshen waƙar za su jeru su zama gicciye, shi kuma ya ɗauki hoton daga sama.

Aikin ke nan, amma fa ga Gershon ba ƙaramin aiki ba ne. Shugabar zumuntar, Mama Milka, ita ce uwar Emilia, wadda yake nema da aure, kuma har yau matar nan ta ƙi yarda danginsa su kawo gaisuwa. "Malamin makaranta, ƙato da gemu, yana wasa da jirgin yara!" Haka take faɗa ko a gabansa. Da ƙyar Emilia ta lallashe ta aka ba shi aikin yau.

Gicciyen ya fara fita, tsaf, gwanin kyau. Emilia, da ke leƙen allon ta kafaɗarsa, har tsalle ta yi.

Sai ya ji wani rugugi daga bayan dutse, wajen hanyar Kafanchan. Helikwafta ne, kuma daga jin ƙarar ƙasa-ƙasa yake tafe. Matuƙin ba zai taɓa hango ɗan abin nan ba, in kuwa ya shiga farfela, helikwaftan zai iya faɗowa da mutane a ciki.

"Saura kaɗan! Ka ɗauka mana!" in ji Emilia.

"Ba zan iya ba."

Ya janyo duron gefe, ya sauke shi bayan ragar gola, daidai lokacin da matan suka ɗaga hannuwa suka ja Halleluya ta ƙarshe. Ba abin da ya ɗauka sai ciyawa.

Ai kuwa sai ga Mama Milka ta ɓallo daga layi, tana gyara ɗamara.

"Kai Gershon! Mun bar gonan citta muna koyon abin nan, mun tsaya a rana kaman awaki, shi ne ka sauke?"

"Mama, ki yi haƙuri, babban jirgi na zuwa. In akwai mutane a sama, nawa ne zai ba da hanya."

"Wane jirgi? Ni ban ga..."

Helikwaftan ya ɓullo ta kan itatuwan mangwaro, ya ratsa saman filin, ta daidai inda duron yake ɗazu. Ƙasa ta yi ta rawa, wata tsohuwa ta saki tulunta tana kiran Yesu. Mama Milka ta dafe ɗankwali, ta bi shi da kallo har ya ɓace. Ta dubi ɗan abin da ke kwance a ciyawa, ta dubi Gershon, wanda ya riga ya sallama Emilia a zuciyarsa.

Ta juya wajen matan, ta tafa hannu.

"Kowa koma layi! Wanda ya gaji ya sha ruwa. Surukina zai sake ta da jirginsa."

Guɗa ta kaure a filin. Emilia ta rufe fuska da gefen zane, dariya na cin ta. Gershon ya tsaya baki buɗe, har sai da Mama Milka ta waiwayo ta galla masa harara.

"Me kake kallo na? Duba saman da kyau tukuna."