Miyar Da Ustad Ya Kushe

Ustad Basharat ya ture kwanon da bayan hannu, bayan loma ɗaya tak.

"Wannan ba dal ba ce. Ruwan wanke tukunya ne aka zuba wa kurkum."

Ɗansa Zishan ya dubi agogo, ya miƙe ya je ya biya, suka fito. Lahadi ta uku ke nan suna wannan yawo. Sun gama da gidajen abincin unguwar Lakemba, yau sun fara da na Auburn, kuma ko'ina maganar ɗaya ce: sai an duba takardar halal a bango, a tambayi mahaucin da ke kawo nama, a kawo miyar, tsoho ya taɓa ya yamutsa fuska.

Abin ya samo asali ne wata biyu da suka wuce, ranar da tsohon ya ɗora tukunya barci ya kwashe shi, har motar kashe gobara ta tsaya a ƙofar gida maƙwabta suna leƙe. Surukarsa Nikhat, matar Zishan, ta ce ita kam ta gaji, ba za ta je aiki zuciyarta na gida ba. Zishan ya samo ɗaki a wani gidan kula da tsofaffi da ke Granville. Tsohon ya ƙi, ya ce shekara saba'in da huɗu bai taɓa wuni bai ci dal ba, miyar waken nan ta ƙasarsu, ba kuwa zai fara cin dafaffen karas na Turawa a ƙarshen rayuwarsa ba.

"To Abba," in ji Zishan a lokacin, "in mun samu gidan abinci na halal da dal ɗinsu ta yi maka, a riƙa kai maka kullum, ka yarda?"

Ya yarda, don ya san harshensa. Shekara arba'in yana girkin bukukuwa a Hyderabad ta Indiya, goma a nan Sydney, shi ya sa masu girki ke ce masa Ustad, wato ubangidansu a sana'a. Ya san yadda ake girki a garin nan: tsamiyar kwalba, tafarnuwar leda, injin markaɗe. Muddin ba a samu miyar ba, yana nan a ɗakinsa. Kuma Allah ya sani, zuwa yanzu bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba, miyar ce duk ba ta da kai.

"Saura ɗaya," in ji Zishan yana tayar da mota. "Sabo ne, layi biyu tsakaninsa da gidan."

"Wane gidan? Kurkukun dai."

Zishan ya ja motar suka tafi.

Wurin ɗan ƙarami ne, tebur bakwai, tsakanin shagon aski da na masu aika kaya. Tun daga ƙofa tsohon ya fara neman aibi. Ya matsa kusa da takardar halal ya karanta har kwanan wata, ya leƙa firiji ko zai ga kwalbar giya, bai ga komai ba sai lemo. Yana cikin haka mai wurin ya fito da sauri, wani ƙato mai gemu, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ustad! Wallahi kai ne! Ni ne Wajid, kai ka yi girkin bikin ƙanwata, har yau ana zancensa. Zauna, zauna. Allah ne ya kawo ka yau."

"Ɗana ne ya kawo ni."

Wajid ya yi dariya, ya sunkuyo ya rage murya. "Akwai sabon mai girki da nake gwadawa, kwana uku na ba shi, yau ne na ƙarshe. Ni ɗan kasuwa ne, me na sani? Abin da ka ce shi za a yi."

Ba sai an faɗi abin da za a kawo ba. A sana'arsu ba a gwada sabon hannu da shinkafa da nama, domin mai da nama suna rufa wa rago asiri. Da dal ake gwada shi, ita ba ta da inda za ta ɓoye kuskure.

Mai girkin da kansa ya kawo. Siririn mutum ne da zai kai hamsin, furfura a gefen kai, sunansa Sarfaraz. Ya ajiye farar shinkafa da kwanon miya, ya koma da gudu, ya dawo da ƙaramin ludayi na tafasasshen mai, ya juye a kan miyar a gabansu. Ta yi ƙara, ƙamshi ya tashi.

Gaban Ustad ya faɗi tun bai ɗanɗana ba.

Tafarnuwar ta yi ja daidai, ƙiris ya rage ta ƙone amma ba ta ƙone ba. Busasshen barkonon ya yi duhu bai yi baƙi ba. Ya zuba a kan shinkafa, ya cakuɗa da yatsu, ya kai baki. Tsamiyar ta gaske ce, jiƙa ta aka yi aka murje da hannu. Da maburgi aka burga waken, ba inji ba, shi ya sa ake jin ɗan sauransa a harshe. Gishiri bai yi gaba ba bai yi baya ba. Shi kansa, da ƙarfinsa, a rana mai kyau ne yake fitar da irin wannan. Daɗi ya kama shi, tsoro ya kama shi, duk a loma ɗaya.

"Abba," in ji Zishan a hankali, "loma ta uku ke nan."

Bai san hannunsa ya koma ba. Ya janye shi. Ya tuna ɗakinsa mai taga wajen gabas, da bishiyar ganyen miya da ya dasa a bayan gida, da masallacin da yake takawa da ƙafa. Ya tuna doguwar barandar can gidan, mai warin maganin goge ƙasa, inda ya ga wata tsohuwa tana kiran sunan da ba mai amsawa. Sarfaraz na tsaye, hannuwa a baya, yana kallon bakinsa.

Ustad ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, me kake yi kafin ka zo nan?"

"Sharar ofisoshi, Ustad. Shekara shida. Amma a gida girki nake yi."

"Ai ga alama. Wa ya koya maka?"

"Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta."

"Amin. Sai dai ta tafi ba ta gama koya maka ba."

Masu cin abinci a teburin gefe suka juyo. Tsohon ya ji muryarsa na ƙara ƙarfi, domin ƙarya ba ta son a yi ta a hankali. "Wajid, wannan kake ba mutane? Loma uku na yi ina neman inda miyar take, ban same ta ba. In asibiti za ka buɗe, to ka riƙe shi."

Wani ya yi dariya. Wajid, wanda jiya ya cinye kwano biyu na wannan miyar yana santi, ya juya a fusace.

"Dama na ji wani abu bai yi ba! Ka ba ni kunya a gaban Ustad. Cire rigar nan ka ajiye, malam. Tsintsiya na jiranka."

"Wajid, don Allah, 'ya'yana..."

"Kowa na da 'ya'ya. Wuce."

Mutumin ya ɗauki kwanon miyar da hannu biyu, ya shige ciki da shi.

Suka fito suka koma bayan shagon, inda suka ajiye mota. Ustad ya zauna ya ja bel. Ya dai tsira, ya sake samun mako guda. Zishan ya riƙe sitiyari bai tayar ba.

"Ƙarya ka yi, Abba."

"Ni? Ka kiyaye bakinka."

"Na ga fuskarka. Tun ina yaro na san yadda kake yi in abu ya yi maka daɗi."

"Shekara hamsin ban taɓa ƙarya a kan abinci ba. Ba kai za ka koya mini dal ba, kai da ko shayi sai matarka ta haɗa maka."

Zishan ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "To ka huta. An sa hannu tun ranar Alhamis. Gobe ƙarfe goma za mu kai ka."

"Amma mun yi da kai..."

"Nikhat ce ta ce a bar ka ka ji kamar an yi shawara da kai. Yanzu haka tana gida tana haɗa kayanka, shi ya sa na fito da kai. Ko ka yaba ko ka kushe, ɗakin na nan. Da ka yaba, da aƙalla ka samu abin ci."

Tsohon ya zuba wa gilashin gaba ido. Har yanzu ɗanɗanon tsamiyar na bakinsa.

Aka ƙwanƙwasa tagar gefensa. Sarfaraz ne, ya sauya riga, da 'yar leda a hannu. Zishan ya danna, gilashi ya sauka. Mutumin ya sunkuyo, ya ɗora hannu a ƙirji. Babu fushi a fuskarsa ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai ciwo.

"Ustad, ka yi haƙuri na tsayar da ku. Ban zo roƙo ba. Akwai wani wuri a Merrylands da suka ce in zo gwaji ranar Laraba. Don girman Allah ka faɗa mini abin da ya ɓace, in gyara. Ba kullum mutum ke samun irinka ba."

Kalma uku ce kawai: babu abin gyara. Tana nan a bakinsa. Amma Zishan ya juyo gaba ɗaya yana kallonsa, yana jira, kuma daga gobe tsohon ba shi da ɗaki, ba shi da murhu, ba shi da komai sai cewa harshensa bai taɓa ƙarya ba.

"Tsamiya ta yi yawa," in ji shi. "Ka rage rabi. Tafarnuwar ma ka sauke ta tun tana fara."

"Rabi," in ji Sarfaraz. "Tun tana fara. Na gode, Ustad. Allah ya ƙara girma."

Ya juya ya nufi tashar bas, leɓɓansa na motsi, yana maimaitawa don kada ya manta.