Ranar da Dogo Ya Tuɓe Jif ɗin Ubansa

Raina abin da ka gada don a ce kai ɗan zamani ne, wannan shi ne laifin Dogo, ɗan wana.

Ubansa ya rasu ya bar masa tsohuwar jif, irin mai shiga daji. Shekara talatin ni ke gyaranta, kuma duk abin da kamfani ya ɗora mata yana nan: injin jan mota mai igiyar ƙarfe a gaba, shebur da gatari ɗaure a gefe, da dogon bututun da injin ke shaƙar iska ta cikinsa in an shiga ruwa.

Ran nan sai ga shi a garejina.

"Baffa, a kwance min tarkacen nan."

"Wane tarkacen?"

"Bututun nan mana. Abokaina tambaya suke, wai mota ce ko gidan burodi?"

"Kai Dogo, tsawon kaɗai Allah ya ba ka? Waɗanda suka ƙera ta don ado suka sa? Igiyar nan sau uku tana fid da ubanka daga laka, a gabana!"

"Wancan zamaninku ne, Baffa."

Na ajiye sifana, na ce hannuna ba zai taɓa ba. Ya kai wa wani marar tsoron Allah ya kwance komai, aka zuba wa masu sayen tsohon ƙarfe. Inda injin ja yake aka jera fitilu masu launi, bayan kujera kuwa lasifika biyu.

Da damina ya tafi gonar gado, can ƙetaren rafi, ɗauko taki. A dawowa, tsakiyar mashigi, injin ya kurɓi ruwa ya mutu. Ga ƙatuwar bishiya a bakin gaɓa, taku goma. Igiyar da ya zubar taku hamsin ce.

Ya bugo min waya.

"Baffa, kana da igiya?"

"Kunna mata kiɗa mana, ko ta taso!"

Duk da haka na nemo tarakta, don ba zan ƙyale motar wana ba. Kafin mu isa, ruwan da aka yi a tudu ya sauko. Muna tsaye muna kallo ya kifar da ita, ya yi gaba da ita.

Ga abin da Dogo ya rasa: jif ɗaya wadda ba a ƙera irinta kuma, buhun taki goma sha biyu, lasifika biyu, fitilu shida, da hoton ubansa da ke maƙale a jikin madubi. Shi kuwa ya koma gida a bayan tarakta, da takalmi ƙafa ɗaya.