Abin da Aka Rataya a Aji Uku

Motar kwashe shara ta riga ta shigo layin lokacin da Odile ta ɗaga murfin bola za ta zubar da ɓawon albasa. Sai ta hango tawul ɗin jikarta a ciki, an naɗe wani abu da shi, an ɗaure da igiyar takalmi. Ta ciro tana mita, ta kwance.

Mutum-mutumin Maryamu uwar Yesu ne, ɗan ƙarami mai shuɗin mayafi. Shi 'yarta Josette ta riƙe a gadon asibiti har ciwon daji ya gama da ita bara. Rasuwar ce ma ta sa Odile ta baro ƙauyensu na kudancin jihar Luwiziyana ta Amurka, inda kowa ɗan Katolika ne har kare da kyanwa, ta dawo wannan gari na arewa da 'yan Baftis suka cika, don ta riƙe wa surukinta Wendell yarinyar da aka bari.

Ta samu jikar tata Delphine a kicin, ta sa kwanon madara a gaba ba ta taɓa ba.

"Ƙawata, wa ya kai wannan bola?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Kaka."

"Ke? Abin uwarki? Me ya yi miki?"

"Gunki ne. An rubuta a bangon ajinmu. Doka ta biyu." Ta ɗago ta dube ta. "Colton na ajinmu ya ce duk wanda ya mutu da gunki a hannu wuta zai shiga kai tsaye. Na ce ƙarya ne, ya nuna mini a bango. Kaka, in an jefar, za a fito da Mama?"

Allah sarki, yarinya 'yar shekara takwas! Odile ta ɗora ta a cinya, ta yi ta faɗa mata cewa ba bauta masa ake yi ba, tuni ne kawai, kamar yadda ake ajiye rigar wanda ya tafi. Delphine ta saurara tsaf, sannan ta ce, "Amma ai makaranta ce ta rubuta."

* * *

Shugaban makarantar, Mista Ledbetter, mutum ne mai murmushin da ba ya gajiya. Ya ba ta kujera, ya ba ta kofi. Ta ƙi duka biyun, ta ce a nuna mata bangon.

Ga takardar nan kuwa a aji uku, tsakanin taswira da agogo, an sa mata gilashi, haruffa manya-manya yadda ko na bayan aji ba zai tsira ba. Dokoki Goma. Odile ta sa tabarau ta karanta daga sama har ƙasa. Ita ma Dokoki Goma ta haddace a hannun Sistocin cocinsu tun tana yarinya, amma ba haka aka jera musu ba, a nasu jerin doka ta biyu maganar sunan Allah ce.

"Wannan jerin na cocinku ne," in ji ta.

"Haba Mama, ai Allah ɗaya ne. Kuma wannan ba addini ba ne, tarihi ne. Daga sama aka ce a rataya, muka rataya."

"Tarihi ne yake hana jikata cin abinci? Ɗan nan, makarantar gwamnati na kawo ta ko cocinku? In wa'azi nake nema mata, na san hanyar gidan Fadan cocinmu."

"Babu mai wa'azi a nan. Ni da kaina na hana malamai su yi bayani a kai, don kada a ce mun karkata. Ko yaro ya yi tambaya, cewa ake ya tambayi iyayensa."

Odile ta cire tabarau ta dube shi. "Kun rataya, kun kuma rufe bakin malama. To wa ke yin bayanin? In faɗa maka? Colton! Yaron da bai iya share majinarsa ba, shi ne babban malamin addinin aji uku. Shi ke raba aljanna da wuta lokacin tara!"

"Yara ne, Mama."

"Ita ma yarinya ce! Cire takardar nan."

"Ba ni da iko."

"To ba ni kujera in hau, ni ina da shi."

Murmushin bai motsa ba, sai dai ya matsa ya tsaya tsakaninta da bangon. "Za mu sa ku a addu'a," in ji shi. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san me ake nufi da wannan: ga ƙofa can.

* * *

Kafin ta isa gida labari ya isa kamfanin takarda inda Wendell ke aiki. Da yamma ya shigo, ya tarar da shinkafa da miyar kuɓewa, bai ko dubi tukunyar ba.

"Mama, me kika je kika yi? Ogana dattijon coci ne, shi ya sayi gilasan da aka sa wa takardun nan. Yau ya dafa ni ya ce, 'Na ji surukarka ba ta shiri da maganar Allah.'"

"Ni? Ni da gwiwoyina suka yi kanta wajen durƙuso?"

"Na sani. Amma a nan nake cin abinci. Ki bari, yarinya ce, za ta manta."

"Ka tambaye ta ko ta manta? Kullum sai ta ce da ni, 'Kaka, wuta tana ƙona gashi?' Uwarta da magani ya zubar wa gashi, ya fara tsirowa ke nan ta tafi. Kai kuma ogana, ogana!"

Wendell ya zauna ya rufe fuska da hannuwa. Ba mugu ba ne, tsoro ne kawai ya yi masa yawa.

Ba a zage su ba, mutanen garin ba sa zagi. Matan cocin da tun rasuwar suke kawo kwanon abinci a rufe kowace Lahadi, sai kwanon ya daina zuwa. Maƙwabciya ta koma gaisuwa daga cikin mota. Odile ta kai Delphine wurin Fada, ya zaunar da ita ya yi mata bayani mai daɗi, ta gyaɗa kai. Amma Fada sau ɗaya ake ganinsa a mako. Bango kuwa yana nan daga Litinin zuwa Juma'a, daidai saitin kujerarta, kuma bango ba ya gajiya da magana.

* * *

Ranar tunawa da tsarkaka ta zo, farkon Nuwamba, lokacin da mutanen kudu ke komawa gida su wanke kaburburan 'yan uwa su shafe su da farar ƙasa. Odile ta ɗauki jikarta suka tafi ƙauyen, inda aka binne Josette. Maƙabartar ta cika maƙil: masu cire ciyawa, masu jera furanni, tsofaffi a kan kujeru suna gulmar matattu da masu rai. Odile ta ji ƙirjinta ya saki. A nan dai babu bango.

"Ba ni buroshin, Kaka, ni zan shafa wa Mama."

Karo na farko ke nan da yarinyar ta nemi kusantar wani abu na uwarta. Odile ta miƙa mata har da bokitin, ta juya don kada a ga hawayenta, ta tafi famfo ɗebo ruwan furanni. A can wata tsohuwar ƙawa ta riƙe ta da hira.

Da ta dawo, ba gefen kabarin Delphine ke shafawa ba. Ta durƙusa ne a wajen kai, inda aka manna ɗan hoton Josette na tangaran, wanda take dariya ranar aurenta. Ta lafta masa farar ƙasa, ta sake laftawa, har babu goshi, babu ido, sai farin tudu.

"Delphine! Me kike yi?"

"An ce ko siffar mutum ma ba a so." Ta ɗago, farar ƙasa har gwiwar hannu, idanunta cike da fata. "Na rufe da kyau, Kaka. Yanzu Allah ba zai gani ba, ko?"

Ruwan furannin da Odile ta ɗebo yana zuba a kan takalminta. Yarinyar ta juya, ta ga wani ɗan gefe inda leɓen uwarta ke leƙowa, ta sake tsoma buroshin.