Ranar da Ta Juyo

Likita ne ya raba mai fenti da kwalba, ba wa'azin kowa ba. Ya ce masa muddin yana shan maganin cikin nan, ko ɗigo kada ya taɓa. In magani ya ƙare, ruwansa. Mai fenti ya amsa da to, yana ƙunƙuni a zuci.

Da farko ya ci kwakwa. Hannu na rawa har buroshi ya riƙa lasar silin. Amma da jiki ya lafa, sai wani abu ya dawo masa wanda ya manta akwai shi a duniya: mafarki. Ashe duk shekarun nan da yake zubewa a gado kamar buhu, ba barci yake ba, suma yake.

Mafarkin kuwa guda ne kullum. Wani ɗaki fayau, ba gado ba kujera, labule na kaɗawa ba tare da iska ba, ga marigayiya matarsa tsaye a bakin taga, ta ba shi baya. Haka take yi tana raye. In ya shigo da warin giya ba ta faɗa, ba ta kuka, sai dai ta juya masa ƙeya. Har Allah ya ɗauke ta, ƙeyar nan ya fi sani. Yanzu fuskarta ta ɓace masa ɓat. Hotonta na bango ma in ya duba sai ya ga kamar baƙuwa. Abin nan yana cin ransa ba kaɗan ba.

Duk barcin da ya yi, kafaɗarta kan ɗan ƙara karkatowa. Ya ga kunne. Ya ga gefen kumatu. Sai ya farka.

Ranar da maganin ya ƙare, yana aiki a benen wani sabon gida, yana shafa wa bango shuɗi mai haske. Da rana ta take, Dogo mai haɗa wayar wuta, abokin shansa, ya hawo da kwalba a baƙar leda, sanyi na tsatsafo mata.

"Mutumina, yau an sako ka daga kurkuku!" in ji Dogo. "Wai hutun nan naka na ɗan lokaci ne, ko kuwa ka sake mu ke nan? Faɗa min in san inda dare ya yi mini."

Mai fenti ya dubi kwalbar, yawu ya tsinke masa. Wallahi yana so, ba ƙarya. Ya san kuma in ya kurɓa, ɗakin nan zai rufe, da taga da mai taga.

"Ajiye tukuna," ya ce. "Bari in ɗan miƙe bayana."

Ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya kwanta. Shuɗin bangon ya riƙa narkewa yana malala a hankali, hayaniyar titi ta yi nisa, labule ya fara kaɗawa. Ga ta nan. Wannan karon ba ta tsaya a taga ba. Ta juyo gaba ɗaya, da wushiryarta, da ɗan tabon nan na gira da ya rantse ba zai taɓa mantawa ba kuma ya manta. Ta tako har gabansa, ta kama wuyan rigarsa ta sansana, yadda takan yi a bakin ƙofa.

"Fenti ne kawai," ta ce, ta yi murmushi. "Sannu da zuwa, Baban yara."

Ya farka hawaye na gangara masa cikin kunne. Dogo na zaune kan bokitin fenti, ya riga ya buɗe kwalbar, yana miƙo masa.

"Sha kayanka, Dogo."

"Kai! To har yaushe?"

Mai fenti ya goge fuska da hannun riga, ya ɗauki buroshinsa.

"Yau fa ta juyo," ya ce. "Ban gama kallonta ba."